Tarihin Sanin Jijiyoyin Jini na Ƙwaƙwalwa da Farkon Likitancin Yara

Jalinus, babban likitan Yunanawa wanda ya zauna a birnin Rum a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa akwai wata saƙa ta ƙananan jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa, inda a ke tace ruhin da ke motsa jiki. To, dabbobi ya feɗe, ba mutane ba. Saƙan nan kuwa tana nan ga tunkiya da sa, amma babu ita ga ɗan Adam. Duk da haka malamai suka yi ta karantar da maganarsa fiye da shekara 1,300.

Likitocin Musulmi sun gaji littattafan Jalinus, suka kuma ƙara nasu. Ar-Razi ya keɓe wata risala kan cututtukan yara, a zamanin da galibi a kan ambace su ne a gefen maganar manya. Az-Zahrawi na Andalus ya bayyana yadda ruwa kan taru a kan jariri har kan ya kumbura, da yadda a ke tsagawa a fitar da shi.

A 1543 Andreas Vesalius, malamin jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, ya buga littafinsa kan ginin jiki, ya ce ya duba gawawwakin mutane bai ga saƙan nan ba. Har wa yau shi ne ya buɗe kan wata yarinya 'yar shekara 2, ya tarar da ruwa wajen laba 9 a cikin kogunan ƙwaƙwalwa kansu.

Sa'ad da William Harvey ya tabbatar a 1628 cewa jini kewaya jiki ya ke yi, sai tambaya ta sake: ta wace hanya ya ke isa ƙwaƙwalwa? Thomas Willis na Oxford a Ingila ya amsa cikin Cerebri Anatome a 1664, Christopher Wren ya zana masa hotunan. Ya ɗura rini a jijiyar wuya guda, ya ga ya bazu ko'ina, domin jijiyoyin sun haɗu kamar zobe a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ya kuma feɗe gawar wani mutum wanda jijiyarsa ta dama ta toshe, amma jikinsa bai shanye ba, watau sauran sun ɗauke mata aiki. Zoben nan sunan Willis ya ke ɗauke da shi har yau.

A 1667 ya rubuta kan farfaɗiya da jijjigar yara, ya ce tushensu ƙwaƙwalwa ne. Amma fa sai a 1802 aka buɗe wa yara asibiti nasu a Paris, inda likita ya sami damar gwada abin da ya gani ga yaro da ransa da abin da fiɗa ta nuna bayan mutuwarsa. Daga irin wannan gwaji ne aka gane cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwar bakwaini ba su da ƙwari, suna saurin fashewa.