Daga Rijiyoyin Mai Zuwa Layukan Waya: Yadda Muka Koyi Tuhumar Kamfani

A ƙarshen shekarun 1980, duk wanda ya ce aikinsa kare haƙƙin ɗan Adam ne a Najeriya, to da gwamnatin soja yake. Doka ta 2 ta 1984 ta ba hukuma ikon tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, gidajen yari kuma sun cika da masu jiran shari'ar da ba ta da rana. A 1987 lauyoyi biyu, Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo, suka kafa ƙungiyar Civil Liberties Organisation a Legas. Gani Fawehinmi yana ta maka sojoji a kotu, Dakta Beko Ransome-Kuti yana shiga kurkuku yana fita. Aikin wancan zamani shi ne zuwa gidan yari, rubuta sunayen waɗanda ake tsare da su, neman beli, da fitar da rahoto. Kamfani ba ya cikin lissafi. Abin da aka koya mana shi ne gwamnati ce ke tauye haƙƙi, ita ce kuma ake tuhuma; ɗan kasuwa nasa ciniki ne da biyan haraji.

Mutanen Ogoni ne suka rushe wannan karatun. A 1990 suka kafa ƙungiyar MOSOP, suka rubuta takardar buƙatunsu, inda suka ce man da ake haƙowa a ƙasarsu tun 1958 ya kashe musu kifi, ya lalata gonaki, su kuwa ko ruwan sha mai kyau ba su samu ba. A ranar 4 ga Janairun 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, a shekarar kuma kamfanin Shell ya dakatar da haƙar mai a yankin. Abin da ya biyo baya sananne ne: sojoji suka shiga garuruwan Ogoni, a ranar 10 ga Nuwamban 1995 kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye jagoran MOSOP, Ken Saro-Wiwa, da mutum takwas a Fatakwal, bayan shari'ar da duniya ta yi tir da ita. Daga nan tambayar ta sauya. Idan gwamnati ce ke riƙe da bindiga, amma ribar kamfani ake karewa da ita, wa za a tuhuma? Iyalan mamatan suka kai Shell ƙara a New York a 1996. Sai a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 15.5, kamfanin kuma bai amsa laifi ba.

Da yawa a Arewa sun ɗauki wannan a matsayin rigimar 'yan Kudu da man fetur ɗinsu. Ba a fi 'yan watanni da rataye Saro-Wiwa ba sai ga maganar ta iso Kano. A farkon 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke, ta kashe dubban mutane, mafi yawansu yara. Ana cikin haka ma'aikatan kamfanin magunguna na Pfizer suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, suka yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin: rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Maganar ba ta fito fili sosai ba sai da jaridar Washington Post ta bankaɗo ta a Disambar 2000. A 2009 gwamnatin Kano da Pfizer suka sasanta a kan dala miliyan 75, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantaka.

Wannan shari'ar ce ta zama makarantarmu, mu da muka shiga aikin daga wannan ɓangare na ƙasa. Ta nuna mana cewa uwar da ke riƙe da ɗanta yana suma ba ta cikin halin yin ciniki da likita. Duk abin da aka miƙo mata za ta karɓa, don haka nauyin bayani yana kan mai miƙowa. Ta kuma nuna mana tsadar rashin takarda. Shekara goma sha biyar ta wuce kafin a biya kowa, a tsakanin nan katin asibiti ya ɓace, wasu iyayen sun mutu, wasu sun ƙaura. Ɓarnar kuma ba ta tsaya kan yaran ba. Lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane ke kawowa, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A can Majalisar Ɗinkin Duniya an daɗe ana ja-in-ja kan ko za a ɗaure kamfanoni da doka. A 2005 babban sakatarenta Kofi Annan ya naɗa Farfesa John Ruggie ya nemo mafita, a watan Yunin 2011 kuma Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta amince da ƙa'idoji 31 da ya tsara. Ginshiƙansu uku ne: wajibi ne gwamnati ta kare jama'a daga cutarwar kamfani, wajibi ne kamfani ya mutunta haƙƙin mutane ta hanyar bincikar illar aikinsa tun kafin ya fara, kuma wanda aka cuta dole ya sami hanyar neman gyara. An yi muhawara mai zafi a tsakaninmu. Wasu suka ce ƙa'idar da ba ta da hukunci shawara ce kawai. Wasu suka ce aƙalla yanzu akwai ma'aunin da kamfanoni da kansu suka amince da shi, za a iya ajiye musu shi a kan tebur. Ni ina tare da na biyun, amma na farkon ba su yi ƙarya ba. A watan Agustan 2011, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsaftace ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ya kuma gano cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin da ya ninka ma'aunin lafiya sau 900. Masuntan Bodo sun samu diyyar fam miliyan 55 daga Shell a 2015, amma ta kotun Landan. Manoman Oruma da Goi sun yi nasara a kan Shell a Janairun 2021, amma a kotun birnin Hague, shekara goma sha uku bayan shigar da ƙara. Kusan duk babbar nasara sai an ƙetare teku aka same ta.

Wayar hannu ta shigo a 2001, kuma da farko murna muka yi da ita, da dalili. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara. An tsaftace wasu garuruwan, aka bar Bagega tana jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta ce ba za ta iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar. Matasa irin su Hamzat Lawal suka ɗauki maganar zuwa Twitter da Facebook, suka yi ta matsa lamba tare da sauran ƙungiyoyi, har aka saki kuɗin a farkon 2013. Mun ga ƙauyen da ba shi da kwalta ya sa Abuja ta motsa.

A 2013 ɗin dai, a watan Mayu, aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa bisa hujjar yaƙi da Boko Haram. Nan muka fahimci cewa abin da ya ba mu murya yana da makunni, makunnin kuma yana ɗakin kamfani, gwamnati ce ke aiko da wasiƙa. Maƙwabtanmu ma sun sha irin wannan. Kamaru ta rufe intanet a yankunan masu magana da Ingilishi na wata uku a 2017. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta na wata goma sha shida daga Maris ɗin 2018. Nijar ta katse intanet na waya na kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. A Najeriya an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS kuma ta yanke daga baya cewa hakan ya saɓa wa doka.

Amma wanda ya fi taɓa talaka shi ne na Zamfara. A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a faɗin jihar, aka kuma faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. An ce mako biyu ne, a wurare da yawa ya zama watanni. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, kuma mutane da dama da suka gaji da binne 'yan uwansu sun goyi baya. Ba mu raina wannan hujjar ba. Abin da muka tambaya shi ne: wa ya auna halin mai naƙuda da ba za a iya kira mata mota ba, ko mai sana'ar POS da cinikinsa ya tsaya, ko ƙauyen da aka kai wa hari ba yadda za su sanar da kowa? Wace doka aka bi, wane alƙali ya duba, kuma wa zai zo daga baya ya faɗa wa jama'a ko matakin ya yi amfani? Rufe Twitter ya samu lauyoyi da kanun labaran duniya. Rufe wayar miliyoyin mutanen karkara bai samu ko kusa da haka ba, wannan kuwa ya nuna inda ƙarfin aikinmu ya taru da inda ya yi ƙaranci.

Ta fuskar doka an samu ci gaba, ko da yake da jan ƙafa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama abin kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni, har kotun ECOWAS ta ce a gyara shi, aka yi masa kwaskwarima a 2024, amma kamun bai ƙare ba. Ƙungiyar Paradigm Initiative ta 'Gbenga Sesan ta yi shekaru tana tura ƙudirin haƙƙoƙin masu amfani da intanet, majalisa ta amince, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a 2019. A Kano, cibiyar CITAD ƙarƙashin Malam Y.Z. Ya'u ta daɗe tana bibiyar kalaman ƙiyayya da cin zarafin mata a intanet, tana kuma yin aikin da Hausa. Manhajojin ba da bashi da ke kwashe lambobin wayar mutum su aika wa surukansa saƙon cewa ɓarawo ne, su ma sun sa hukumomi sun farka. A 2023 aka samu dokar kare bayanan jama'a, a 2024 kuma hukumar kare masu sayayya ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Wannan hukunci a Abuja aka yanke shi, ba a Landan ba, kuma wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Duk da haka, matsalar da ta taso a asibitin Kano a 1996 tana nan a tafin hannun kowa. Mutum yana danna alamar amincewa a kan sharuɗɗan da aka rubuta da Ingilishin lauyoyi, saboda yana buƙatar naira dubu goma kafin gobe, ko saboda za a rufe masa layi. Yardar da aka karɓa daga wanda bai gane ba, ko wanda ba shi da zaɓi, ba yarda ba ce, ko a shari'ar Musulunci ko a dokar zamani. Shi ya sa nake ganin aikin da ke gaban matasan da ke shigowa yanzu ba a otal-otal ɗin taro yake ba. Su koyi rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru, da suna da kwanan wata da shaida, tun kafin ya gushe. Su matsa wa kamfanonin waya su riƙa bayyana kowace wasiƙar da gwamnati ta aiko musu ta neman rufe layi ko miƙa bayanan wani. Su nemi a rubuta sharuɗɗa da harsunan da mutane ke ji, a kuma karanta su a rediyo. Su kai ƙararraki kotunan Gusau da Katsina da Damagaram, ko da za a fara da faɗuwa, domin alƙalan gida ba za su koyi wannan fanni ba sai an kawo musu shi. Dokokin da ba mu da su a da yanzu suna nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne a sa su aiki tun wanda aka cuta yana da rai.