Turmi, Rijiya da Ƙarfin Tsofaffin Mata a Ƙasar Maraɗi

Tun sa'ad da Gobirawa suka kafa Tsibiri a 1836, bayan yaƙin Gawakuke, akasarin jama'ar ƙasar Gidan Rumji a bakin Gulbin Maraɗi suke zaune, inda ruwa yake kusa, ganuwa kuma take tsare su daga hari. Sai da Faransawa suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, yaƙe-yaƙe suka kwanta, kana talakawa suka bazu cikin jigawa suna saran daji suna kafa ƙauyuka, kamar yadda ya auku a yankunan Agiye da Gazawa. Wannan yalwar gona ni'ima ce, amma fa nauyinta a wuyan mata ya sauka, domin rijiyar jigawa zurfi gare ta, kuma sussuka da surfe da daka da neman itace duk nasu ne. Wanda ya dubi tafin hannun tsohuwar da ta tashi a wannan zamani, ya ga kantar da igiyar guga da taɓarya suka bari, zai san ba a banza ta kai tsufa tana iya lugude da jikokinta ba.

Idan kuwa ƙarfin nan ya soma gudu, gwiwa ta kumbura, tashi daga tabarma ya zama sai da dafa bango, sai a ce sanyi ya kama ta. A kira wanzami ya tsaga fata ya kafa ƙaho, a jiƙa sassaƙe, malam ya ba da rubutu, a Tsibiri kuwa wasu su nufi Inna da 'yan borinta. Magabata sun lura kumburi da raunin jiki tare suke tafiya, ko da yake ba su san sababin ba. Likitocin zamani sun ƙarfafa wannan lura, domin binciken da Luigi Ferrucci da abokan aikinsa suka buga a 2002, a kan tsofaffin matan Baltimore ta Amurka, ya nuna waɗanda alamar kumburi ta yawaita a jininsu sun fi saurin rasa ƙarfin tsoka da kuzarin tafiya.

Yau injin niƙa da famfo sun sauƙaƙa wahala, kuma renon itatuwa a gonaki, wanda ƙauyen Ɗan Saga ya shahara da shi, ya gajarta tafiyar neman itace. Alhamdu lillahi. Sai dai tsokar da aka daina motsawa ramewa take yi, balle wadda ba ta samun wake da gyaɗa da nono. Saboda haka wajibi ne a kanmu, cikin haƙƙin iyaye da Allah Ya ɗora mana, mu kyautata cimarsu, mu bar su da aikin da ba ya cutarwa, mu kuma kai su asibiti tun kumburi bai kwantar da su ba.