Ludlow: Garin da Amarya ta Shiga Takaba Kafin Wata Biyar

Yau na ɗan jingine labaran soyayyar da nake ƙirƙiro muku, zan kawo wani na gaske, wanda da a littafina kuka gan shi da kun ce ƙaryar tawa ta yi yawa.

Sanadin abin shi ne na je Ingila bikin kammala karatun ɗan yayana a Birmingham. Da aka gama hidima sai ya ce mini, "Gwaggo, tunda ke ma'abociyar tsofaffin labarai ce, gobe zan kai ki wani gari." Ni kuwa raina Landan yake so, don in samu abin faɗa in na dawo gida. Haka dai na bi shi ina ƙunƙuni, muka hau jirgin ƙasa, muka yi canji a Shrewsbury, muka sauka a Ludlow.

Ɗan ƙaramin gari ne a yankin Shropshire, dab da iyakar Wales, mutanensa dubu 10 ne da ɗoriya. A kan tudu yake, inda kogin Corve ya haɗu da kogin Teme. Ranar Asabar ce, kasuwa na ci a filin da ke tsakiyar gari, ana sayar da cuku da burodi da kayan lambu. A ƙarshen rumfunan nan sai ga ƙofar wata tsohuwar fada ta dutse, kamar kasuwar ce ke gadinta.

Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066 aka soma gina fadar, zuriyar de Lacy ce ta kafa ta don tsare iyaka daga mutanen Wales. Yanzu kango ce, ba rufi, sai tsuntsaye. A tsakar gidan ciki akwai wani ɗakin ibada zagayayye kamar rumbu, irinsa kaɗan ne ya rage a Ingila. Amma ni abin da ya tsayar da ni shi ne ɓangaren da ake cewa a nan ango da amarya suka zauna.

Angon shi ne Yarima Arthur, babban ɗan Sarki Henry na Bakwai, mai jiran gado. Amaryar kuwa Catherine ce, 'yar Ferdinand da Isabella na Sifen, waɗanda suka karɓe Garnaɗa daga hannun Musulmin Andalus a 1492. Auren haɗi ne tsantsa, tun suna yara ƙanana iyaye suka ƙulla shi don ƙasashen biyu su zama tsintsiya. Aka ɗaura aure a Landan ranar 14 ga Nuwamba 1501, shi yana da shekara 15, ita tana dab da cika 16. Da suka haɗu ma ba su fahimci juna sosai ba, domin Latin ɗin da suke rubuta wa juna wasiƙa da shi kowa da irin lafazin da aka koya masa. Cikin hunturun nan aka turo su Ludlow, saboda nan ne mazaunin majalisar da ke mulkin Wales da sunan yarima.

Ku dubi yarinyar da ta taso a ƙasar rana da lemo, aka kawo ta ɗakin dutse mai sanyi da danshi. Ni da na je da rigar sanyi biyu, haƙorana sai da suka yi kaɗawa. Ba a jima ba ciwo ya kwantar da su duka biyun. Ita ta tashi, shi kuwa ya ce ga garinku nan ranar 2 ga Afrilu 1502. Auren bai cika wata biyar ba.

Daga fadar muka taka zuwa cocin St Laurence, wanda hasumiyarsa ake hangowa tun daga nesa. Kuɗin cinikin ulu ne ya gina mafi yawan abin da ake gani yau, a ƙarni na 15, lokacin da gashin tumaki ya azurta garin. A nan aka binne zuciyar Arthur, akwai alama a wurin, gangar jikin kuma aka wuce da ita babban cocin Worcester. Ruwa ya ɓata hanya a tafiyar har sai da aka ɗaura wa keken gawar shanu suka ja. Kafin mu fita ɗan yayana ya ɗaga wata kujerar katako ya nuna mini sassaƙen da ke ƙarƙashinta: wata mai sayar da giya ce da ta saba tauye mudu, shaiɗan ya saɓa ta a kafaɗa zai kai ta wuta. Na yi dariya har wata tsohuwa ta waiwayo.

To, a nan labarin ya murɗe. Ba a so sadakin da Sifen ta bayar ya koma, ba a kuma so zumuncin ya yanke, sai aka ce ƙanin mamacin, Henry, ya aure ta. A wurinmu ƙani ya auri matar wansa bayan ta fita takaba ba abin magana ba ne, amma dokar cocinsu ta hana, sai da Paparoma ya ba da izini na musamman. Shekara bakwai Catherine ta yi a Ingila tana jira, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko, har kuɗin biyan barorinta ya gagare ta. A 1509 Henry ya hau gado a matsayin Henry na Takwas, ya aure ta.

Ta yi ta haihuwa 'ya'yan ba sa zama, sai mace guda, Mary, da aka haifa a 1516. Sarki yana son namiji, idonsa kuma ya faɗa kan Anne Boleyn. Addininsu bai yarda da kishiya ba, bai yarda da saki ba, don haka sai ya ce tun asali auren bai ɗauru ba, matar wansa ce. Ita kuwa ta rantse cewa Arthur bai taɓa kusantarta ba. A zaman shari'ar 1529 har tsofaffin fadawa aka nemo su faɗi abin da suka ji a bakin ango washegarin daren farko. Paparoma ya ƙi warware auren. Henry ya auri Anne a 1533, a 1534 kuma majalisa ta ayyana shi shugaban cocin Ingila, aka raba gari da Rum. Ni dai a zuciyata na gaskata Catherine. Macen da aka yi wa tayin zaman jin daɗi in ta janye, ta ƙi, ta mutu a keɓe a 1536 tana kiran kanta sarauniya, ban ga alamar mai ƙarya a tare da ita ba.

Fadar ta ci gaba da zama mazaunin majalisar Wales har 1689 da aka rushe majalisar, daga nan aka watsar da ita, aka ɗebe dalmar rufinta, ruwa ya ƙarasa sauran. A zamanin majalisar lauyoyi sun yi kuɗi a garin, shaidar haka tana nan a otal ɗin Feathers, wanda wani lauya mai suna Rees Jones ya gina a matsayin gidansa a 1619. Gaban ginin duk katako ne baƙi da aka sassaƙe a kan farin bango, benen sama ya turo kai kan titi kamar zai rufto. Na ƙi tsayawa a ƙarƙashinsa a ɗauke ni hoto, sai daga tsallake.

Akwai kuma Buttercross, ginin dutse na shekarun 1740 inda ake sayar da man shanu a da. Daga gabansa titin Broad Street ya gangara zuwa Broad Gate, ita kaɗai ta rage cikin ƙofofi bakwai na ganuwar garin, mota ɗaya tak ke iya wucewa ta cikinta. Muka bi ta nan muka gangara gadar Ludford, inda rundunar gidan York ta watse cikin dare a 1459 ba tare da an gwabza ba. Ina jingine da gadar ina rubuta sunaye a bayan tikitina, ɗan yayana ya ce, "Gwaggo, in ba ki taho ba jirgin nan zai bar mu."