Daga Malamin Haraji Zuwa Mai Kwamfuta: Zamunan Ma'aikata a Ƙasar Kazaure da Babura

Aikin ofis a wannan yanki ya samo asali ne daga En'e. Kazaure tana da En'e tata da baitulmalinta a ƙarƙashin Lardin Kano, Roni da Gwiwa suna cikin ƙasarta, Babura kuwa gunduma ce ta En'en Kano. Ma'aikacin wancan zamani, akawu ne shi ko malamin haraji ko malamin daji, yakan shigo da ilimin elemantare ko na midil, sai a damƙa shi hannun wani babba. A gindinsa yake koyon buɗe fayil, sa wa wasiƙa lamba, yanka rasit, da ƙidayar masu biyan haraji gida-gida tare da dagaci da mai unguwa. Da kallo ake koyo, da maimaici, da faɗa. Wasiƙa guda sai a mayar da ita sau uku saboda kuskuren harafi ɗaya. Ladabin fada shi ne ladabin ofis: a tuɓe takalmi, a durƙusa, a ce ranka ya daɗe. Talakawa sun ɗanɗana kuɗarsu wajen karɓar haraji da jangali, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma tsarin ya iya abu guda: miƙa sanin aiki daga hannu zuwa hannu.

Shekarun 1970 ne suka kawo sabon jini. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa aikin gwamnati ya yi farin jini. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya kwashi matasa da dama zuwa koyarwa, wasu da takardar malanta mai daraja ta biyu, wasu ma kafin su samu. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, malamin haraji ya wayi gari sana'arsa ta tafi. Daga nan takarda ta fara gaba da daɗewa a aiki, tsofaffi suka ga yaran da suka raina sun zama shugabanninsu. Tsuke bakin aljihun da aka shiga a 1986 ya cinye darajar albashi, har noma da kiwo suka koma abin dogaron ma'aikaci. Ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ya buɗe kujeru a Dutse, mutane da yawa suka sami ƙarin girma cikin hanzari.

Kazaure ce ta zama matattarar zamani na uku. A mulkin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta a garin, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, wadda daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. Waɗanda suka fito daga nan sun juya tsohon tsari: yau ƙaramin ma'aikaci ne ke nuna wa darakta yadda ake tura takarda ta intanet ko shirya jadawalin albashi. Tafireta da takardar kabon sun koma sito.

Ƙorafin kowane ɓangare sananne ne a kowace sakatariya. Manya na cewa yaran yanzu ba su da haƙurin koyo, idonsu na kan waya, kuma da azahar sun zame zuwa shagon POS. Matasa na cewa su ke aikin, alawus kuwa na wasu ne. Dukansu suna da gaskiyarsu, sai dai tushen matsalar bai tsaya ga hali ba. Wanda aka ɗauka a 1976 ya shigo da tabbacin fansho da garatuti. Matashin da ya shigo ta N-Power daga 2016, ko ta J-Teach a makarantun jihar, ya shigo ne a kan wucin gadi, da ɗan alawus, bai san ko za a tabbatar da shi ba. Da wuya mutum ya ba da zuciyarsa ga kujerar da ba tasa ba.

Babbar asarar ita ce yankewar koyo. Ƙa'idar ritaya shekara 35 ce a aiki ko 60 da haihuwa, don haka 'yan 1976 suka fara tafiya a jere tun wajen 2011, alhali an daɗe ba a ɗauki isassun da za su zauna a gindinsu ba. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta wa'adi zuwa shekara 65 ko 40 a aiki, amma ba ta shafi akawu da mai rajista ba. Shi ya sa idan rikicin iyakar gona ko burtali ya taso, sau da yawa sai an bi tsohon ma'aikaci har zaurensa, shi ne zai faɗi fayil ɗin da maganar take ciki da shekarar da aka buɗe shi.