Gyaran ilimi a Nijar da matsalar matakin sakandare (1973-1998)

Duk wanda ya bi tarihin shawarwarin gyaran ilimi a Nijar zai lura cewa galibinsu a ƙofar kwaleji suke tsayawa. Tsarin da aka gada daga Faransa, wato shekara huɗu a kwaleji har zuwa jarrabawar BEPC, sannan shekara uku a lise har zuwa bakaloriya, bai sauya siffa ba.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara koyar da yara da hausa kafin faransanci. Daga baya gwajin ya haɗa da zarma, fulatanci, barbarci da tamajaƙ, kuma cibiyar INDRAP ta tanadi littattafai. Amma yaron da ya gama firamaren gwaji yakan shiga kwaleji ya tarar da faransanci kaɗai. Ke nan iyaye suna da hujjar ɗari-ɗari da gwajin, tunda makomar ɗansu tana hannun harshen jarrabawa.

Babbar muhawarar ƙasa kan ilimi da aka yi a Damagaram a 1982, zamanin Seyni Kountché, ta nemi a kusantar da makaranta ga rayuwar jama'a. Sai dai ta zo daidai lokacin da kuɗin uraniyom ya ja baya. Shirin « Éducation III » na Bankin Duniya kuwa ya nemi karkata kuɗi zuwa firamare da rage tallafin ɗalibai. Ɗalibai suka ƙi amincewa, kuma ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka kashe uku daga cikinsu a gadar Kennedy ta Yamai. Wannan rikici yana cikin abubuwan da suka kai ƙasa ga taron ƙasa na 1991.

Dokar LOSEN ta 1 ga Yuni 1998 ta mayar da kwaleji kashi na biyu na ilimin tushe. Ta tanadi cewa a wannan mataki faransanci ne harshen koyarwa, harsunan gida kuma su zama darasi. To amma doka ba ta horar da malami, ba ta rubuta littafi.

A taƙaice, shawarwarin sun sha ɗaukar sakandare a matsayin wurin rage kashe kuɗi, ko kuma batun da za a duba daga baya. Darasin wannan tarihi shi ne: gyaran da bai taɓa jarrabawar BEPC da horon malaman kwaleji ba, da wuya ya yi saiwa ko da a firamare.