Idan jami'in tsaro ya mutu ko ya naƙasa a bakin aiki: haƙƙoƙin da doka ta tanada

A ranar 17 ga Yunin 2021, 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yauri, suka kashe ɗan sanda ɗaya, suka yi awon gaba da ɗalibai da malamai. A watan Maris na 2022 kuma, 'yan sanda huɗu suka rasa rayukansu a harin da aka kai masana'antar tumatir da ke Gafara, a ƙaramar hukumar Ngaski. Bayan irin waɗannan hare-hare akan yi ta'aziyya, a yi alkawari, sannan a watse. Abin da ke saura a hannun iyalan mamacin shi ne abin da doka ta rubuta, idan sun san shi.

Haƙƙin jami'in da ya mutu ko ya naƙasa ya kasu gida uku: kuɗin asusun fansho, kuɗin inshorar rai, da diyyar rauni a bakin aiki. Kowanne da hukumar da ke biyan sa da takardun da ake buƙata, kuma karɓar ɗaya ba ya soke sauran.

Su wa tsarin ya shafa?

Nijeriya ta koma tsarin fansho na karo-karo a 2004, aka sabunta dokar a 2014 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. A ƙarƙashin ta, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa kowane wata, ma'aikatarsa ta ƙara kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunansa. Hukumar PenCom ke sa ido a kan tsarin.

'Yan sanda, jami'an Sibil Difens, na shige da fice, na gidajen gyaran hali, na kiyaye haɗurra da 'yan kwana-kwana na tarayya duk suna ciki. Akasarin 'yan sanda kamfanin NPF Pensions ke kula da asusunsu. Sojoji da jami'an DSS da na NIA an cire su tun 2011, suna da nasu tsarin. Ma'aikatan jiha kuwa, kamar 'yan kwana-kwanan Jihar Kebbi, dokar jiharsu ce ke hukunta fanshonsu.

Kuɗin asusun fansho

Idan jami'i ya rasu, duk abin da ya taru a asusunsa, haɗe da ribar da ya haifa, ya zama gado. Sashe na 8 na dokar 2014 ya ce kamfanin fansho zai saki kuɗin ne bayan an kawo masa wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma sai da amincewar PenCom. Za a raba shi bisa wasiyya ko bisa shari'ar da mamacin ke bi. Ga Musulmi wannan na nufin rabon gado na Musulunci, inda mata, ko ɗaya ce ko huɗu, ke raba tumuni idan akwai 'ya'ya.

A nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin dangi. Wanda jami'i ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa, sau da yawa wa ko ƙane da aka sa tun ranar ɗaukar aiki, bai zama mai kuɗin ba. Shi ne dai wanda za a fara nema idan wani abu ya faru. Magada kotu ce ke tantance su.

Wanda ya fara aiki kafin tsarin 2004 yana da ƙarin haƙƙi na shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda Gwamnatin Tarayya ke zubawa a asusunsa. Jinkirin sakin wannan kaso ya daɗe yana cikin ƙorafe-ƙorafen 'yan fansho.

Inshorar rai

Sashe na 4 na dokar ya wajabta wa kowace ma'aikata ta saya wa ma'aikatanta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsu na shekara ba. Misali, jami'in da albashinsa da alawus ɗinsa suka kai naira miliyan 1.2 a shekara, iyalansa na bin aƙalla naira miliyan 3.6. Ba a cire kuɗin wannan inshora daga albashinsa, kuma ana biya ko a fagen daga ya rasu ko a gadon asibiti, muddin yana cikin aiki.

Kamfanin inshora ke biya, kai-tsaye ga wanda jami'in ya ambata a takardar inshorar. Idan ma'aikata ta yi sakaci ba ta biya kamfanin ba a shekarar da mutuwar ta auku, doka ta ɗora mata biyan iyalan daga aljihunta. Cekin da ake ganin kwamishinonin 'yan sanda na miƙa wa zawarawa a hedikwatocin jihohi galibi na wannan inshora ne, da na asusun jin daɗin iyali na Sufeto Janar. Karɓar su bai hana neman kuɗin asusun fansho ba.

Naƙasa

A ƙa'ida ba a taɓa asusun fansho kafin shekara 50. Amma sashe na 16 ya keɓe wanda likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, saboda lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Irin wannan jami'i zai fara karɓar fansho ko da shekararsa 30. Matsalar ita ce fanshon daga abin da ya tara ne kawai. Kurtun da harsashi ya raba da ƙafarsa bayan shekara biyar da fara aiki, abin da ke asusunsa ba zai riƙe gida ba.

Wannan giɓi ne Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta zo cikewa, a ƙarƙashin hukumar NSITF. Ma'aikata na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da take biya, kuma sojoji kaɗai dokar ta ware. Wanda ya samu naƙasa ta dindindin da ta hana shi aiki kwata-kwata yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Idan rasuwa ya yi a bakin aiki ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, su ma kashi 90 ne. Idan ɗa ɗaya ne, kashi 85.

Sai dai dokar na da wa'adi. Ana sanar da ma'aikata cikin kwana 14 da samun rauni, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Iyalin da ya zauna jiran a kira shi na iya wayar gari ƙofa ta rufe. Aikin dokar ya kuma rataya ne a kan ko ma'aikatar tana zuba nata kason, tambayar da ya dace 'yan majalisa su riƙa yi wa kowace hukumar tsaro lokacin kare kasafi.

Wanda ya ɓace

A gaɓar tafkin Kainji ba kowace gawa ake samu ba. Jirgin ruwan da ya kife a kan hanyarsa ta zuwa Wara a ranar 26 ga Mayun 2021, ɗauke da fiye da mutum 150, ya nuna haka. Daji ma yakan haɗiye mutum. Sashe na 9 ya ce idan ma'aikaci ya ɓace har shekara ɗaya, kwamitin bincike da PenCom ta kafa zai iya yanke cewa a ɗauke shi a matsayin mamaci, a biya magadansa.

Waɗanda doka ta bari a baya

A ƙauyukan Yauri, Ngaski da Shanga, sau da yawa 'yan sa-kai ke fara tarar mahara. A Maris na 2022 an kashe fiye da 60 daga cikinsu a kwanton ɓauna guda a yankin Sakaba da ke masarautar Zuru. Da yake ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba su da asusun fansho, ba su da inshora. Iyalansu sai abin da gwamna ko mai hali ya ga dama ya bayar.

Su kansu 'yan sanda ba su gamsu ba. A Yulin 2025 waɗanda suka yi ritaya sun yi zanga-zanga a Abuja suna neman a cire su daga tsarin karo-karo, kamar yadda aka yi wa sojoji.

Kafin a warware wannan muhawara, akwai abin da ke hannun kowane jami'i: ya sabunta sunayen da ke takardar inshorarsa duk lokacin da ya yi aure ko aka yi masa haihuwa, ya kuma sanar da iyalinsa sunan kamfanin fanshonsa da lambar asusunsa. Magada kuma su tanadi takardar shaidar rasuwa, wasiƙar ma'aikata da takardar kotu, su nemi haƙƙoƙin uku a lokaci guda.