Shari'ar Laval

Shari'ar Laval ƙara ce da Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kanta ranar 18 ga Disamba, 2007, game da albashin ma'aikatan da kamfani ke turawa aiki a wata ƙasa.

A Suwidin doka ba ta ƙayyade mafi ƙarancin albashi ba. Ƙungiyoyin ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata ne ke zama su daidaita a tsakaninsu. A 2004 kamfanin Laval na ƙasar Latbiya ya kawo magina daga gida domin gyaran wata makaranta a garin Vaxholm, yana biyan su ƙasa da abin da maginan Suwidin ke samu. Ƙungiyar magina ta Byggnads ta nemi ya sa hannu a yarjejeniyarta, ba a daidaita ba, sai ta tare wurin har aiki ya tsaya cak.

Kotun ta ce tarewar ta tauye 'yancin kamfanin na yin kwangila a ƙasashen Tarayyar. Hukuncin ya karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago ƙwarai, domin tarewa na cikin manyan makamansu. Suwidin ta sauya dokarta a 2010 domin ta dace da hukuncin, a 2018 kuma Tarayyar ta gyara ƙa'idarta ta 1996 game da irin waɗannan ma'aikata domin kusanta ladan baƙon ma'aikaci da na ɗan ƙasa.